Hoto 20, Waƙar Minti Ɗaya: Me Ya Sa Hotunan Ke Ƙarewa Kafin Waƙar?

Yau maganar ta masu haɗa bidiyon hotuna ce, irin wanda muke yi wa jarumai da mawaƙanmu ranar zagayowar haihuwarsu, ko wanda ake haɗa wa ango da amarya bayan biki. Akwai matsalar da kusan kowane sabon edita ke cin karo da ita. Ka jera hotuna tsaf, ka ɗora waƙa, komai ya zauna daidai, amma kana saka tiranzishin sai lissafi ya rushe. Hotuna su ƙare waƙa na ta tafiya a kan baƙin allo, ko hoton da ka ajiye wa amshi ya fito tun mawaƙi bai gama baiti ba. Wasu har goge manhajar suke yi su sake saukewa, alhali lafiyarta ƙalau. Lissafi ne, kuma ba mai wuya ba.

Daga ina tiranzishin ke samun lokacinsa?

Tiranzishin shi ne salon da hoto ke bi ya ba na gabansa wuri: ya narke a cikinsa, ya zame gefe, ya juya, ko ya yi walƙiya. Kowanne ka zaɓa, dole hotunan biyu su haɗu a allo lokaci guda. Idan narkewar ta sakan 1 ce, to sakan ɗin nan na su biyun ne, kuma daga jikinsu ake cire shi.

Hanya biyu manhajoji ke bi. Ta farko, a janyo hoto na biyu baya ya hau kan wutsiyar na farko. Duk inda aka yi haka, bidiyon ya ragu da tsawon tiranzishin ɗin. Haka tsohon Windows Movie Maker ke yi, kuma za ka tarar da irinsa a manhajojin waya da dama. Ta biyu, tiranzishin ya zauna a kan mahaɗar ba tare da wani hoto ya matsa ba, ya ci rabi ta nan, rabi ta can. Haka Premiere Pro ke yi, shi ya sa a can tsawon bidiyon ba ya canzawa.

To ya za ka gane wacce taka ke bi? Ko CapCut ne, ko KineMaster, ko InShot, jera hoto biyu ka duba jimlar lokacin da ta nuna. Saka tiranzishin ka sake dubawa. In lambar ta ragu, hanya ta farko ce. Ka yi gwajin da ainihin salon da za ka yi amfani da shi, don a manhaja ɗaya ma wani salon kan rage, wani ba ya ragewa.

Bari mu buga lissafin

A ce 15 ga Maris ta kusa, kana son haɗa wa Sarki Ali Nuhu bidiyon murnar ranar haihuwa. Ka tara hoto 20, tun daga zamanin Sangaya har zuwa 2024 da aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Ka yanko waƙa ta sakan 60, ka ba kowane hoto sakan 3. 20 sau 3, 60 cif.

Yanzu ka saka narkewa ta sakan 1 a ko'ina. Hoto 20 mahaɗa 19 gare su, don kullum mahaɗa na gaza yawan hotuna da ɗaya. A manhajar da ke ɗora hoto kan hoto, sakan 19 sun tafi ke nan, bidiyonka ya koma sakan 41. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waƙar ba shi da hoto.

Ga maganin. Ɗauki tsawon waƙar, ka ƙara masa duk abin da tiranzishin zai ci, sannan ka raba da yawan hotuna. 60 da 19 sun zama 79, a raba gida 20, kowane hoto ya samu sakan 3.95. In narkewar rabin sakan ce, 60 da 9.5 sun zama 69.5, kowane hoto kusan sakan 3.5.

Tsawon hoto daban, lokacin ganinsa daban

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a bidiyoyin da nake gani a status da TikTok. Hoton da ke tsakiya ta gefe biyu ake cinsa, wajen shigowa da wajen fita. In ka ba shi sakan 3 da tiranzishin na sakan 1, a hanya ta farko sakan 1 tak zai tsaya tas a allo. A hanya ta biyu zai samu sakan 2. Kafin mai kallo ya ce "kai, wannan ai hoton wancan fim ɗin ne", har ya wuce. In kuwa akwai rubutu a kai, kamar sunan fim ko saƙon taya murna, ba wanda zai karanta. Ni ƙa'idata, kada tiranzishin ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon hoto. Hoton da ke da rubutu ko taron mutane kuma ina ƙara masa lokaci, sai na iya karanta rubutun sau biyu kafin ya tafi.

Inda abin ya fi ciwo: bugun kiɗa

Mu ɗauki waƙa mai bugu 120 a minti. Kowane bugu rabin sakan ne, bugu 8 sakan 4 ke nan. Kana son hoto ya riƙa canzawa duk bayan bugu 8, sai ka ba kowanne sakan 4, ka saka narkewa ta rabin sakan. A hanya ta farko, tazarar da ke tsakanin canji da canji ta koma sakan 3.5. Canjin farko zai ɗan riga kiɗan kaɗan, ba kowa zai lura ba. Amma kuskuren taruwa yake yi, kowane hoto na ƙara rabin sakan. Kafin canji na 8 ka riga kiɗan da kusan sakan 4. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya faru ba, kawai zai ji bidiyon ba ya shiga jiki, ya wuce gaba.

Gyaran shi ne hotunan tsakiya su zama sakan 4.5, na farko kuma 4.25. Da haka tsakiyar kowace narkewa za ta faɗo a kan bugu daidai. In manhajarka na ba da damar saka alama a kan waƙa, bi da kunne ka ɗiga alama a duk bugun da kake son canji, sannan ka ja hotuna zuwa wurin. Masu aiki da firam su tuna: a bidiyo mai firam 30 a sakan, rabin sakan firam 15 ne, a mai firam 25 irin na talabijin ɗinmu, sai dai ka zaɓi 12 ko 13.

Wane salo, a wane wuri?

Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Waƙar soyayya mai sanyi, irin wadda Umar M. Shareef ko Nura M. Inuwa suka saba, tana ɗaukar narkewa ta sakan 1, da hotuna masu tsawo. Waƙar rawa mai zafi kuwa yankewa kai tsaye ta fi dacewa da ita, ba tiranzishin ko ɗaya, kuma ba ta cin ko firam guda na lokacinka. Ku lura da fina-finan da muke kallo, yawancin canjin yankewa ne. Narkewa ana ajiye ta ne don a nuna lokaci ya shuɗe. A bidiyon Sarki, ni zan yi yankewa tsakanin hotunan zamani ɗaya, in saka narkewa inda aka tsallaka shekaru, sannan a ƙarshe hoto ya dusashe zuwa baƙi tare da sautin waƙar. Ka ga maimakon mahaɗa 19 su ci lokaci, wataƙila 4 ne kawai za su ci.

Tsarin da nake bi

Waƙa nake fara ɗorawa in yanke ta yadda nake so. Sai in zaɓi salon tiranzishin da tsawonsa tun kafin in taɓa tsawon hotuna, don duk sanda ka canza shi daga baya, duk abin da ke gaba sai ya motsa. Daga nan in buga lissafi, in jera hotuna. Rubutu da sitika su ne na ƙarshe, saboda a manhajoji da yawa layinsu daban ne, ba lallai su bi hoto in ya matsa ba. Kafin in fitar da bidiyon, ina tsallakawa sakan 10 na ƙarshe in duba, don a can duk wani kuskure ke taruwa.

Ku gwada da hoto biyar tukuna kafin ku shiga babban aiki. Sai mun haɗu a darasi na gaba, a sha editin lafiya.