Abin Da Ke Sa Bututun Ruwa Ya Riƙa Buga Guduma

A Sabon Garin Jega, har zuwa Aliero da Maiyama, masu gida da yawa sun haƙa rijiyar burtsatse, sun zura sumo, sun ɗora tanki bisa hasumiya. Cikinsu kuwa akwai waɗanda kan ji wani ƙara "gwam!" cikin bango, kamar an buga guduma. Waɗansu har sukan ɗora wa iskoki laifi. To, ba iskoki ba ne, ruwan ne da kansa.

Ruwa ba ya matsuwa kamar auduga. In yana gudu cikin bututu aka tsai da shi farat ɗaya, sai ƙarfinsa ya daki bututun, dukan ya yi ta kai da komowa. Wani masani ɗan Rasha, Nikolai Zhukovsky, shi ya bayyana lissafin wannan a shekarar 1898, bayan gwajin da ya yi a bututan birnin Mosko. Ruwan da ke tafiyar mita 1 a daƙiƙa, in an datse shi cikin bututun ƙarfe, matsinsa kan ƙaru kamar na tankin da aka ɗaga wajen mita 120. A bututun roba abin bai kai haka ba, amma ya isa ya saki mahaɗar da aka liƙa da gam.

Kada mai gida ya yi gaggawar fasa bango. Ya fara kasa kunne ya san lokacin da ƙarar ke zuwa, domin lokacin shi ke nuna mai laifi.

In da rufe famfo ne, musamman irin mai hannun nan da ake rufewa da murɗa guda, sai a gwada rufe shi sannu a hankali. Kadan ƙarar ta ɓace, an gane ke nan. A koya wa yara, a kuma ɗaure bututun da bango sosai.

Wanda ya fi muni shi ne mai zuwa sa'ad da sumo ya tsaya, watau an ɗauke wuta ko an kashe janareta. Ruwan da ke hawa sai ya juyo ƙasa da nauyinsa duka, ya rufe bawul ɗin da ke hana shi komawa rijiya da ƙarfi. In kuwa da tashin sumo ake jin dukan, galibi bawul ɗin nan ne ke yoyo: ruwa ya zurare cikin dare, sabon ruwa ya taso a guje ya ci karo da wanda ya rage a sama. Wannan aikin mai gyaran famfo ne, a ciro sumo a sake bawul. Jinkiri a nan yakan ci sumon kansa, kuɗinsa kuwa ya ninka na bawul sau da yawa.

Famfon da ke tari yana tofar da ruwa, wannan iska ce ta shiga, maganinsa dabam.

Abin da ya fi damuna shi ne mahaɗar da ta tsage ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya gani. In bututun ya bi kusa da masai ko kwata, duk sa'ad da ya wofinta yana iya zuƙo ƙazanta, ta tafi tanki, daga tanki sai randar da iyali ke sha.