Sarkin da Ya Ji Tsoron Zane

Idan aka ambaci zanen barkwanci na Faransa a ƙasar Hausa, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne mujallar Charlie Hebdo da ɓatancin da ta yi wa Manzon Allah (SAW), da tarzomar da ta biyo baya a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015. Ɓacin ran yana da dalili. Sai dai wannan sana'a ta girmi mujallar nesa ba kusa ba, kuma manyan gwanayenta na farko da masu mulki suka yi ta dambe.

A shekarar 1830 Louis-Philippe ya hau gadon sarautar Faransa da alƙawarin sakar wa 'yan jarida mara. A shekarar ce Charles Philipon ya kafa jaridar La Caricature, a 1832 ya ƙara da Le Charivari. Abin da ya sauƙaƙa wa masu zanen jaridun aiki wata dabarar ɗab'i ce da Bajamushe Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796: a yi zane da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a shafa tawada, a buga takarda ɗaruruwa da arha.

Ba a daɗe ba aka maka Philipon a kotu bisa zargin cin mutuncin sarki. A zaman kotun, a Nuwamban 1831, ya zana fuskar sarkin kashi huɗu, kowane yana ɗan sauyawa, har ta rikiɗe ta zama wani ɗan itacen Turai mai siririn kai da faffaɗan gindi kamar gora. Hujjarsa ita ce, in kama da sarki laifi ne, to sai a kama ɗan itacen ma. Alƙalai ba su yi dariya ba, suka ɗaure shi. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, don kuwa hoton ya cika bangayen birnin Faris.

Gwanin gwanayensu shi ne Honoré Daumier, wanda aka haifa a 1808. Ya zana sarkin a matsayin ƙaton maciyin dukiya, wato mai haɗama, zaune a kan kujerar bayan gida, an kafa katako tun daga ƙasa har bakinsa, ana hawa da kwandunan kuɗin talakawa ana ɗura masa, ta ƙarƙashin kujerar kuma takardun muƙamai suna zubo wa fadawa. Wannan ya ja masa ɗaurin wata shida a 1832.

Ni dai zanen da ya fi taɓa ni ba na dariya ba ne. A Afrilun 1834 sojoji suka kutsa wani gida a titin Transnonain suka kashe mazaunansa. Daumier ya zana ɗakin bayan sun tafi: magidanci kwance a ƙasa cikin rigar barci, ya danne gawar ɗansa, ga kan wani tsoho a gefe. Babu soja ko ɗaya a hoton, babu zagi. Mutumin Karare, ko na kowane ƙauye a Batsari da Safana da ke bakin dajin Rugu, ba ya buƙatar tafinta kafin ya fahimce shi. A can sojan gwamnati ne, a nan 'yan bindiga, kamar yadda aka gani a Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, amma ɗakin da aka wayi gari a cikinsa iri ɗaya ne. Hukuma ta ƙwace dutsen da aka buga hoton da shi.

A Satumban 1835 aka kafa dokar da ta ce ba a buga zane sai hukuma ta gani ta amince, alhali rubutu bai sha wannan takunkumin ba. Dalilin a fili yake: rubutu sai mai karatu, zane kuwa har ɗan dako yana ganewa da kallo ɗaya. La Caricature ta rufe, Daumier ya karkata ga tsokanar lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwa. Sai a 1881 aka soke wannan tacewar baki ɗaya.

Mu namu barkwancin a baki ya rayu. Ɗankama kan kwaikwayi malami yana karatu da sunayen abinci, 'yan gambara su yi wa marowaci tatas a tsakiyar kasuwa, yaran tashe su kwaikwayi manya a watan azumi, kowa kuma ya san yadda masu hali suka riƙa shakkar zambon Mamman Shata. Zanen jarida daga baya ya zo. Akinola Lasekan ya riƙa caccakar Turawan mulkin mallaka a West African Pilot ta Legas tun kafin samun 'yanci, a yau kuma zanen Mustapha Bulama na Daily Trust a kan rashin tsaro da tsadar rayuwa yana yawo a WhatsApp, yana isa wayoyin mutanen da mai sayar da jarida bai taɓa zuwa garinsu ba.