Abin da Ke Sa Jama'a Karɓar Wutar Sola ko Juya Mata Baya

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, kasuwanni da ƙauyuka da dama suka karkata ga wutar lantarki mai amfani da hasken rana, domin kuɗin zuba mai a janareta ya fi ƙarfin ƙananan 'yan kasuwa. Sai dai ɗorewar kowace tashar sola tana hannun jama'ar da aka kafa ta dominsu.

An fara gwada irin wannan shiri tun kafin janye tallafin. A 2018 Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ta shigar da wutar sola kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda ta yi mummunar gobara a 2016. A Disamban 2019 kuma aka buɗe ƙaramar tasha a ƙauyen Rokota na Jihar Neja, da tallafin Bankin Duniya.

Abu na farko da jama'a kan auna shi ne farashi. Sau da yawa kuɗin wutar ƙananan tashoshi ya ɗara na kamfanonin rarraba wuta. Tela ko mai injin niƙa da ya saba sayen fetur kullum yana ganin sauƙi ya samu, amma magidancin da ƙwan fitila da cajin waya kawai yake bukata yakan koka da tsada, musamman da yake sai ya biya kafin mita ta ba shi wuta.

Na biyu shi ne fili. Faifan sola na bukatar wuri mai faɗi, wanda galibi gona ce ko makiyaya. Inda aka zauna da dagaci da masu gonaki tun farko, akan samu matasan gari suna gadin kayan. Inda aka tsallake su, rigimar diyya kan dakatar da aiki.

Na uku shi ne tsammanin isowar wutar gwamnati, wanda kan sa wasu su ƙi ɗaure kansu da yarjejeniya mai tsawo.

Ƙa'idojin da Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa ta tsara a 2016, ta kuma sabunta a 2023, sun tanadi yarjejeniya a rubuce tsakanin kamfani da al'umma, da kuma diyya ga mai tasha idan babban layin wuta ya iso.

A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin faɗaɗa irin waɗannan ayyuka a Nijeriya. Ga mai son zuba jari, abin lura shi ne yawan masu sana'ar da za su sha wuta da rana, domin su ne ke riƙe tasha. Garin da ba a nemi shawararsa ba kuwa, da wuya ya biya kuɗin wuta da daɗin rai.