Tafiya da Wani Jirgi, Dawowa da Wani: Yadda Matafiyan Njamena Za Su Mori Makinsu

Allon tashin jirage a filin jirgin sama na Hassan Djamous da ke Njamena ba ya ɗaukar dogon karatu. Manyan sunayen da ke kansa su ne Ethiopian Airlines mai zuwa Adis Ababa, da Air France mai zuwa Paris, da Turkish Airlines mai zuwa Istanbul, da EgyptAir mai zuwa Alƙahira, sai ASKY mai mazauni a Lome. Tchadia Airlines, wanda gwamnatin Chadi ta kafa tare da Ethiopian a 2018, ya daina aiki a 2022. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ke saro kaya daga Dubai ko Guangzhou, da ɗalibin da ke karatu a Faransa, da mai neman magani a Masar, a hannun baƙin kamfanoni suke, kuma tikiti daga wannan birni ba shi da araha.

Abin da ke ɗan sassauta wa mai yawan tafiya shi ne maki. Duk wanda ya yi rajista da tsarin wani kamfani, kowace tafiya ana zuba masa maki a asusunsa, idan sun taru ya canza su da tikiti. Ethiopian na da ShebaMiles, Air France da KLM na da Flying Blue, Turkish na da Miles&Smiles, EgyptAir kuma na da EgyptAir Plus. American Airlines na Amurka ne ya yayata wannan dabara da tsarinsa na AAdvantage a 1981. Shekaru da dama tikitin maki na zuwa da dawowa ne a haɗe, sai a 2009 kamfanin ya fara bayar da na hanya ɗaya a kan rabin makin, wasu kamfanoni suka bi sahu. Daga nan ne ƙofa ta buɗe ga mai son ya yanki tikitin tafiya daban, na dawowa daban.

Da kuɗi wannan ba ya biya. A doguwar tafiya, tikitin hanya ɗaya yakan zarce rabin kuɗin zuwa da dawowa nesa ba kusa ba. Da maki kuwa, a yawancin tsare-tsare kowace hanya lissafinta daban, don haka rabawar ba ta ƙara wa mutum nauyi.

Amfani na farko ya shafi yadda makin mutanen Njamena yake a warwatse. Ɗan kasuwar Babbar Kasuwa ko kasuwar Dembe yana bin jirgin da ya fi sauƙi ne a lokacin: yau ta Habasha, gobe ta Turkiyya, wata rana ta Faransa. Sai ya wayi gari da maki a asusu biyu ko uku, babu wanda ya isa zuwa da dawowa, kuma ba a haɗa makin wani tsari da na wani. Ga shi makin na mutuwa idan an bar shi, domin a Flying Blue asusun da ya yi wata 24 ba motsi yana iya rasa abin da ke cikinsa. Tikitin hanya ɗaya ke ceto irin wannan maki: a tafi da na ShebaMiles, a dawo da na Flying Blue. Ƙawancen kamfanoni ma yana faɗaɗa zaɓi. Ethiopian da Turkish da EgyptAir duk suna cikin Star Alliance, don haka makin ɗaya na iya sayen kujera a jirgin ɗan uwansa idan an ware ta. Air France kuwa yana cikin SkyTeam.

Amfani na biyu na lokaci ne. Kamfanoni kan buɗe sayar da kujeru tun saura kusan wata 11 zuwa shekara, kuma kujerun da suke ware wa masu maki 'yan kaɗan ne. Wanda ya jira sai ranar dawowarsa ta buɗe kafin ya yanki tikiti, yakan tarar an riga shi kama kujerar tafiya. Mai rabawa yana kama kowace da zarar ta fito. A Flying Blue, inda tun 2018 yawan makin da ake biya ke hawa da sauka gwargwadon cunkoso, yana iya sauya hanya ɗaya idan farashinta ya faɗi ba tare da ya taɓa ɗayar ba.

Sai kuma ƙa'idar da ta sha jefa matafiya cikin damuwa. Idan tikiti ɗaya ne kuma mutum bai hau jirgin farko ba, kamfanoni da yawa kan soke duk sauran tafiyar, har da dawowa. Wanda ya taso daga Kuseri cunkoson gadar Ngeli ya tsare shi har jirgi ya tashi, sai ya rasa hanya biyu a dare ɗaya. Da tikiti biyu ne a hannunsa, na dawowa na nan daram.

Rabawar ta dace da yadda fatauci yake tafiya a wannan yanki. Mai kaya yana iya tashi daga Njamena zuwa Dubai, a dawowa ya sauka filin Malam Aminu Kano, wanda Ethiopian da EgyptAir ke zuwa, ya shiga Kantin Kwari ya ƙarasa sarinsa kafin ya kamo hanyar gida. Ranar dawowarsa ma ba a hannunsa take kacokan ba, sai kaya sun haɗu an yi lodi.

To amma rabawar na da nata cajin. Kowane tikiti yarjejeniya ce mai zaman kanta, kuɗin sauya rana ko fasa tafiya sau biyu za a biya idan an fasa gaba ɗaya. Maki kuma ba ya ɗauke haraji da kuɗin filin jirgi da ƙarin da wasu kamfanoni ke ɗorawa. Waɗannan da tsabar kuɗi ake biyansu, kuma sun bambanta daga wannan hanya zuwa waccan. Tashi daga Faransa, alal misali, yana ɗauke da harajin tikiti da aka ƙirƙiro a 2006 aka kuma ƙara shi a watan Maris na 2025. Adadin kayan da aka yarda mutum ya ɗauka shi ma na iya bambanta, kuma ga ɗan kasuwa nauyin dawowa ne abin dubawa.

Babbar barazana ita ce idan jirgin tafiya ya samu matsala. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi fitar da ƙura a duniya, hazo ya rufe sararin samaniya har a jinkirta jirage. Idan kamfanin tafiya ya soke jirginsa, zai nemi mafita a kan nasa tikitin kaɗai. Kamfanin dawowa babu ruwansa, domin bai san da waccan tafiyar ba.

Akwai kuma batun biza. Ofisoshin jakadancin ƙasashen Turai na neman shaidar dawowa, haka ma ake buƙata ga mai zuwa Umara. Ma'aikatan kamfani a wurin auna kaya na iya hana mutum hawa idan tikitin hanya ɗaya kawai ya nuna, saboda kamfanin ne ake ci tara idan aka maido fasinja daga can. Tikiti biyu daga kamfanoni biyu karɓaɓɓe ne, matuƙar na dawowar tabbatacce ne kuma yana hannu a buge ko a waya tun kafin a bar gida.

Ga masu zuwa Turai, rabawa na iya ƙara kariya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyya idan an soke jirgi ko ya yi dogon jinkiri da laifin kamfani, kuma ta haɗa da tikitin maki. A doguwar tafiya diyyar na kaiwa yuro 600, sama da sefa 390,000. Dokar na aiki a kan duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, amma mai shiga cikinsu sai in kamfanin na Tarayyar ne. A 2008, a shari'ar Emirates da Schenkel, kotun Tarayyar ta yanke cewa zuwa da dawowa tafiyoyi biyu ne ko da a tikiti ɗaya suke. Ke nan wanda ya tafi Paris da Air France ya dawo ta Adis Ababa da Ethiopian yana ƙarƙashin dokar a hanyoyin biyu, wanda ya juya tsarin kuwa a dawowa kawai take kare shi.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne yanka hanya ɗaya gida biyu, wato Njamena zuwa Adis Ababa a tikiti guda, Adis Ababa zuwa Guangzhou a wani. Idan jirgin farko ya makara, na biyu zai ɗauki mutum a matsayin wanda bai zo ba. Ƙila sai ya karɓi kayansa ya sake aunawa, abin da kan buƙaci bizar shiga ƙasar da ya yada zango.

Masu shirin Umara a Ramadan sun fi kowa buƙatar lura da wane tikiti za a fara kamawa. Kujerar zuwa Jidda a farkon wata ta fi samuwa a kan ta dawowa bayan goman ƙarshe, lokacin da jama'a ke rububin isa gida don sallah. Sai a duba hanyoyin biyu a zama ɗaya, a tabbatar akwai kujera a kowace, a fara biyan wadda ta fi wuyar samu, sannan a tabbatar sunan da ke kan tikitin biyu ya yi daidai harafi da harafi da na fasfo.