Reza Ko Injin Lantarki: Wanne Ya Dace Da Fuskarka?

Akwai wani aiki da yawancin maza suke yi tun daga samartaka har tsufa, amma da wuya a sami wanda aka zaunar da shi aka koya masa. Aikin nan shi ne askin gemu. In kuraje suka feso wa mutum a haɓa da wuya, sai ya ce jininsa ne, ko kuwa ya ɗora wa sabulu laifi. Ga shi kuma yanzu injin aski na lantarki ya cika kasuwa, mutane suna ta tambaya: a tsaya ga reza da ruwa da sabulu, ko a koma ga inji? Kafin mu amsa, bari mu duba inda kowannensu ya fito, da yadda yake yanka gashi.

Daga Aska Zuwa Reza

Aski da ruwa tsohon abu ne ƙwarai. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna Yusufu ya yi aski kafin a kai shi gaban Fir'auna. A ƙasar Hausa kuwa aikin wanzami ne. Yakan zo da zabirarsa, ya wasa aska, ya jiƙa gashi sosai, sa'an nan ya fara. A ƙasashen Turawa ma haka aka yi shekaru aru-aru, gama ba kowa ne ya iya riƙe aska a maƙogwaronsa ba tare da ya yi wa kansa rauni ba.

Wanda ya fi kowa sauya wannan al'amari wani ɗan tallan kaya ne a Amurka mai suna King Camp Gillette. Tunaninsa shi ne a yi reza siririya mai araha, wadda za a ɗaura a kan mariƙi, in ta dakushe a jefar a sa wata, ba sai an wasa ba. Ya kafa kamfani a 1901. A 1903 mariƙi 51 da reza 168 kaɗai ya sayar, amma a 1904 mariƙan da aka saya sun wuce 90,000. Sa'ad da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka raba wa sojoji irin wannan reza, suka koma gida da al'adar yi wa kansu aski kowace safiya.

Daga nan aka yi ta ƙari. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza ta ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. A 1971 Gillette ya haɗa baki biyu a kai ɗaya, a 1998 ya mai da su uku, a 2006 kuma biyar. Mariƙin roba mai haɗe da rezarsa, wanda ake jefarwa gaba ɗaya, kamfanin Bic na Faransa ne ya yaɗa shi daga 1975.

Zuwan Injin Lantarki

Injin askin fuska kuwa wani tsohon hafsan sojan Amurka ne, Jacob Schick, ya fara kai shi kasuwa. Abin da yake nema shi ne aski ba ruwa, ba sabulu. Ya sami rajistar injinsa a 1930, aka fara sayar da shi a 1931 a kan dala 25, kuɗi mai yawa a lokacin. A 1939 kamfanin Philips na ƙasar Holand ya fito da wani iri mai kai zagayayye, wanda wani injiniya mai suna Alexandre Horowitz ya tsara. A 1950 kamfanin Braun na Jamus ya kawo nasa.

Har yau injin askin fuska iri biyun nan ne. Ɗaya yana da ƙarfe siriri mai ƙananan ramuka kamar rariya, wuƙaƙe kuma suna kaiwa suna komowa a ƙarƙashinsa. Ɗayan yana da kawuna zagayayyu, yawanci uku, wuƙaƙe suna juyawa a cikinsu. Akwai kuma na uku wanda muka fi sani, watau kilifa ta shagon aski. Ita ta girme su, gama Leo Wahl na Amurka ya yi rajistar tasa tun 1921. An yi ta domin suma ne, amma maza da yawa a wurinmu da ita suke gyara gemu.

Yadda Kowanne Yake Yanka

Reza tana yanka kamar lauje. Bakinta yana bin fata kai tsaye, yana sare gashi daidai da fata, yana kuma kankare ɗan saman fatar tare da shi. Shi ya sa take barin fuska sumul, shi ya sa kuma wani lokaci fuska take raɗaɗi bayan an gama. Busasshen gashin gemu yana da tauri ƙwarai. In ya sha ruwan ɗumi na minti biyu ko uku sai ya yi laushi, kumfar sabulu kuma ta sa reza ta zame. Wanzamai sun san wannan tun da daɗewa.

Inji kuwa yana yanka kamar almakashi. Gashi yana shiga rami, wuƙa ta datse shi a jikin ƙarfen. Tun da akwai ƙarfe tsakanin wuƙa da fata, da wuya mutum ya yanke, amma kuma ba ya kai reza ƙasa. Wanda ya yi aski da inji da safe, da yamma zai ji kaushi a haɓarsa.

Wani zai ce, ashe reza ta ci ke nan. A nan ne ya kamata mu dakata.

Gashinmu Dabam Ne

Yawancin tallan da muke gani yana yabon abu ɗaya ne, watau santsin fuska. Amma gashin baƙar fata a nannaɗe yake fitowa, ba a miƙe ba. Duk wanda ya taɓa taka tushen karan dawa da aka sare a karkace ya san irin tsinin da yake da shi. Haka reza take barin bakin gashi. Miƙaƙƙen gashi yakan fito waje da tsininsa ba wata damuwa. Namu kuwa sai ya lanƙwaso ya soki fata, ya koma ciki. Jiki kuma ya ɗauke shi kamar sartse, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya tara mugunya. Waɗannan su ne kurajen aski. Ba mugun jini ba ne, ba kuma ƙazanta ce take kawo su ba.

Reza mai baki uku ko biyar takan ƙara wannan damuwa. Bakin farko yana jawo gashi sama, na bayansa ya yanke shi, sai ragowar ya nutse ƙarƙashin fata. Gashin da ya nutse kuwa zai iya huda fata ta gefe tun kafin ya fito. Haka yake faruwa in mutum ya ja fatarsa da yatsa domin aski ya yi ƙasa, ko ya aske gashi ta inda ya saba wa kwanciyarsa. In aka ci gaba da bin kan kurajen da reza kowace safiya, sai su bar baƙin tabo, a jikin waɗansu ma tabon ya yi tudu ya taurare.

Abin ba ƙarami ba ne. A cikin shekarun 1970 ya zama babbar damuwa a rundunar sojan Amurka, inda doka ta tilasta aski kullum. Sai da likitoci suka riƙa ba sojoji baƙaƙe takardar izinin barin ɗan gemu. Shawarar likitocin fata kuwa mai sauƙi ce: a bar gashi da tsawon wajen milimita 1, yadda bakinsa ba zai sami hanyar komawa ciki ba. Kilifa tana iya yin wannan, reza ba ta iyawa. Injin fuska yana tsakani, yana taimakon waɗansu, amma in aka danna shi da ƙarfi, ko aka yi ta maimaita wuri ɗaya, shi ma yakan tayar da kuraje. Wanda kurajensa suka riga suka yi yawa, sai ya huta da aski kamar wata ɗaya. Gemu yana ƙaruwa wajen santimita 1 a wata, yawancin gashin da ya maƙale kuma zai fito da kansa. In akwai mugunya ko zafi, a je asibiti.

Akwai wata magana da ake yi, wai aski yana sa gashi ya yi kauri, ya yi saurin fitowa. Wata masaniya a Amurka, Mildred Trotter, ta auna wannan tun 1928, ta tarar ba haka ba ne. Bakin gashin da aka datse ne kawai yake da kaushi a hannu.

Kuɗi Da Wuta

Wajen kuɗi, reza ƙwaya ɗaya mai baki biyu, irin ta dā, ba ta da abokin gasa. Mariƙi ɗaya na ƙarfe zai yi shekaru, ba ya neman wuta, ba ya neman mai gyara. Mai baki da yawa ita ce take cin kuɗi a hankali, domin kullum sai an sayi sabon kai. Inji kuɗinsa a farko yake, sa'an nan a sake masa wuƙaƙe bayan shekara ɗaya ko biyu. Sai a tambayi mai kanti tukuna ko yana da kayan canji, gama injin da ba a samun wuƙarsa ya zama kayan ado.

Inda wuta ba ta zama, mai caji ya fi mai igiya. A kuma lura da injin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka. Ƙarfin wutarsu wajen 120 ne, namu kuwa wajen 230. A karanta abin da aka rubuta a jikinsa kafin a jona, don kada ya ƙone ranar farko.

Akwai kuma waɗanda inji ya fi musu ko da yana da tsada. Tsoho mai rawar hannu, da wanda idonsa ya yi rauni, da mai shan maganin tsinka jini, wanda ƙaramin yanka yakan daɗe yana zuba. Wadda take jinyar miji ko uba a gida, za ta ga inji ya fi sauƙi, ya fi kuma kwanciyar rai.

Maganar Jini

Abin da ya fi dukan waɗannan nauyi shi ne haɗa kayan aski da wani. Ƙwayar cutar hanta da ake kira hepatitis B tana tafiya cikin jini, tana kuma iya yin aƙalla kwana 7 a raye a kan busasshen ƙarfe. Mai ɗauke da ita zai iya yin shekaru bai sani ba, alhali tana cin hantarsa. Kowa ya yarda reza tana fid da jini, amma mutane da yawa suna tsammani kilifa ba ta yi. A 2018 waɗansu likitoci a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa kilifa 50 daga shagunan aski. Suka sami alamar jini a 21, da alamar ƙwayar cutar hanta a 4. Ba su sami ta ƙanjamau ba. Askin ƙwal, wanda ake manna bakin kilifa a kan fata, yakan fasa ƙananan kuraje, ko da ido bai ga jini ba.

Feshin sifirit na ɗan lokaci, ko wuce bakin kilifa a kan harshen wuta sau ɗaya, ba su isa su ba da tabbaci ba. Wanda yake da hali ya sayi tasa ya riƙa zuwa da ita shago. In da reza za a yi, a ɓare sabuwa a gabansa. Mai aski na kirki ba zai ji haushi ba. Gidajen da suke yi wa jariri askin suna su ma su tanadi sabuwar reza. Akwai allurar rigakafin cutar hantar nan, tun 2004 kuma tana cikin allurai da ake yi wa jarirai a Nijeriya. Manya da ba su samu ba su nemi gwaji da allura a asibiti.

To, Wanne Za A Zaɓa?

Ga yadda muke gani. In fuskarka ba ta yin kuraje, reza mai baki ɗaya ta ishe ka. Ka jiƙa gemu da ruwan ɗumi, ka sa kumfa sosai, ka bi kwanciyar gashi, kada ka ja fata, kada kuma ka yi ta komawa wuri ɗaya. Ka sake reza da zarar ta fara jan gashi. In ka gama ka wanke da ruwan sanyi, ka shafa ɗan man kaɗanya.

In kuwa kana fama da kuraje, ka bar neman santsi. Ka yi amfani da kilifa ko inji a kan busasshiyar fuska mai tsabta, hannu sakwa-sakwa, ka bar ɗan gashi. In ka gama ka kakkaɓe shi da buroshinsa, ka ɗiga wa kilifa mai. Fuska mai ɗan kaushi amma lafiyayya ta fi sumul ɗin rana ɗaya da kurajen mako biyu.

Iyaye maza, sa'ad da kuka ga gashin baki ya fara tsiro wa ɗanku, kada ku bar shi ya ari reza a ɗakin kwanan makaranta. Ku saya masa nasa kayan, ku tsaya tare da shi ku nuna masa yadda ake yi, ku kuma gaya masa dalilin da ya sa ba a aron kayan aski, ko da a wurin ɗan'uwa ne. Rigakafi ya fi magani.