Shirin Musamman: Bangon Da Ba Ya Riƙe Ƙusa

 Yau za mu leƙa cikin ɗakunanmu ne, mu mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 da sauran unguwannin Hausawa na Legas, mu yi magana a kan wani bango da ya shigo mana ba sallama. Shi ne bangon allon jifsam, wanda idan ka ƙwanƙwasa shi sai ka ji yana amsawa kamar ganga.

Kakanninmu da fataucin goro da shanu ya kawo Agege, musamman bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, bango iri biyu suka sani: na ƙasa a gida Arewa, sai kuma na bulo da siminti. Dukansu halinsu ɗaya. Ka samu ƙusa da guduma, ka kafa inda ranka ya so, ka rataya abinka, shi ke nan. Da wannan sabo muka taso. To amma fili ya yi tsada a Legas, masu gidaje kuma sun gano cewa falo ɗaya zai iya zama ɗaki biyu, shago ɗaya ya zama uku, ba tare da an sayi yashi ko an kira birkila ba. A tsayar da sanduna na katako ko na siririn ƙarfe, a lulluɓe su da allo ta kowane gefe, a shafe, a yi fenti. Wanda ya zo kama haya ba zai bambanta shi da bulo da ido ba.

Shi wannan allo garin jifsam ne aka daskarar tsakanin takarda biyu masu kauri. Wani Ba'amurke mai suna Augustine Sackett ne ya yi rajistar samfurinsa na farko a 1894, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya mamaye gine-ginen Amurka da Turai. Dutsen jifsam ɗin ba baƙonmu ba ne, akwai shi a ƙasar Sakkwato da Yobe, da shi ake haɗa siminti, daga gare shi kuma ake samun garin silin POP. Yana da kirkinsa, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne a daskare, shi ya sa wuta ba ta saurin cin sa. Amma kaurin allon da aka fi amfani da shi milimita 12.5 ne kacal, bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Bayansa kuwa, ban da sandunan, iska ce kawai.

Ranar jere ake gane haka. Gwaggonni da ƙawayen amarya sun iso da kaya, ga madubi mai tsawon mutum, ga agogon bango, ga sandar labule, ga allon Ayatul Kursiyyu mai gilashi, ga filasma. A kira yaro a ce kafa nan, kafa can. Ƙusa ta shige da bugu ɗaya, kowa na murna bango mai laushi. Bayan mako biyu sai madubi ya sauko da kansa, ya taho da ɓallin bango a jikinsa. Idan aka yi sa'a, gilashi kaɗai aka yi asara. Idan akwai yaro mai rarrafe a ƙasa, Allah Ya kiyaye.

Wani zai ce ai shi ba ya wasa, da fisha yake aiki. To, Malam, saurara. Robar nan da muke kira fisha, wadda Bajamushe Artur Fischer ya ƙirƙiro a 1958, aikinta shi ne ta kumbura a cikin rami idan sukuru ya shiga, ta tokare jikin bulo ko kankare. A allon jifsam babu abin da za ta tokara. Tana kumbura, garin yana rugujewa, ramin yana ƙara faɗi. Ranar farko za ta yi kamar ta riƙe, kuma nan ne hatsarinta yake.

Maganar dai guda ce, allon ba ya ɗaukar kaya, sandunan da ke bayansa su ke ɗauka. Yawanci tsakanin sanda da sanda santimita 40 ne ko 60. Ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa, inda sautin ya daina amsa-kuwwa ya koma a dunƙule, nan sanda take. Hanyar da ta fi wannan tabbas ita ce mayen ƙarfe. Ko na tsohuwar sifika ya isa. Ka riƙa jan sa a hankali a jikin bango, zai manne daidai kan sukurun da aka ɗaure allon da shi, sukurun kuwa a jikin sanda yake. Ka sa alama da fensir, ka nemo ta gaba. Idan sandar katako ce, sukuru ya ratsa allon ya nutse a cikinta kamar santimita 3 zuwa 4. Idan ta siririn ƙarfe ce, sukuru kaɗai ba abin dogaro ba ne ga kaya mai nauyi, sai an huda ta an zura noti mai fuka-fuki, wanda ke buɗewa a baya ya rungume ta.

Shi wannan mai fuka-fuki ana iya sa shi a allon kansa, inda babu sanda, don agogo ko madubi matsakaici. Sai dai nauyin da aka rubuta a jikin kwalinsa na sabon allo ne busasshe, da kayan da ke lafe a jikin bango. Filasma mai hannu, wadda ake janyowa a juya ta, lissafinta daban ne. Duk lokacin da aka miƙar da hannun, nauyin yana fisgar notin sama zuwa waje ne, ba ƙasa kaɗai ba. Irin wannan ba ta da wuri sai jikin sanduna biyu. Haka kabad ɗin kicin, haka na'urar sanyaya ɗaki. Hitar banɗaki kuwa, ku tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mai cin lita 30 ta ɗauki kilo 30 ke nan kafin a lissafa ƙarfenta. A ganina a nema mata bangon bulo kawai. Idan ramukan abin ratayar ba su zo daidai da sanduna ba, kafinta ya gicciya falanki mai kauri daga sanda zuwa sanda, a ɗaure kayan a jikinsa. Wanda kuma yanzu ake yi masa aikin, ya sa a ɓoye falankin a ciki tun kafin a rufe allo, ya ɗauki hoton sandunan da wayarsa ya ajiye.

Fankar sama ba ta da hurumi a jikin silin ko kaɗan. Ƙugiyarta daga kankaren dakin take fitowa ko daga katakon rufi, domin banda nauyi tana girgiza dare da rana.

Sai damina. Kun san ruwan Yuni da Yuli a Legas, kun san yadda kaya ke yin fumfuna a cikin akwati. Jifsam yana shan laima, idan ya sha kuma ƙarfinsa ya tafi. Duk inda kuka ga tabo ruwan ƙasa, ko fenti ya kumbura, ko kuka danna da yatsa ya lotsa, ku sauke abin da ke rataye a wurin tun kafin ya sauko da kansa. Akwai allo mai koriyar takarda da aka yi don kicin da banɗaki, yana jure laima fiye da farin, amma shi ma ba ya ɗaukar nauyi.

Kafin injin huda ya taɓa bango, a dubi soket da makunnin wuta. Wayoyi kan bi miƙe sama ko ƙasa ko gefe daga wurinsu, don haka a kauce wa waɗannan layuka, a kuma kashe wuta daga mita. 'Yan haya kuma, Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana yin gyare-gyare a gida ba tare da rubutaccen izinin mai gida ba. Ramin agogo ba zai kai ku kotu ba, amma falanki da hita a nemi izini, kada ranar tashi a riƙe muku kuɗin ajiya.

Idan kun shiga shagunan kayan gini na nan Agege, kada ku ce a ba ku fisha kawai. Ku gaya wa mai shago bangon allo ne, ku faɗi abin da za a rataya da nauyinsa, ku nemi noti mai fuka-fuki. Iyayenmu mata 'yan jere kuma, don Allah a ƙwanƙwasa bangon ɗakin amarya kafin a ɗauko guduma.