Kangayen Masaƙun Kaduna da Batun Raya Bakin Kogi

Nufin wannan takarda shi ne bayyana yadda filayen masana'antu na bakin Kogin Kaduna suka zama kangaye, da kuma abin da ya kamata a lura da shi kafin a zuba jari don raya su. Za mu dubi al'amarin daga gaɓar arewa, domin a nan ne gidan gwamnati da babbar kasuwa suke, watau a nan ake yanke shawara, a nan kuma kuɗi suka fi taruwa.

Yadda aka shata garin

Sa'ad da aka tashi hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, abu biyu ne suka ja hankalin Turawa, ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa. Suka kafa ofisoshi da bariki da gidajen ma'aikata a arewacin kogin, suka bar kudu ga mahaɗar jirgi. Da zamanin masana'antu ya zo, sai aka ajiye su a kudun, a Kakuri da Makera, inda akwai fili da ruwa da dogo. A 1957 Gwamnatin Jihar Arewa, tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles. Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya cikin shekarun 1960, sa'an nan kamfanin haɗa motoci na Peugeot a 1975. Auduga kuwa daga ƙasashen Zariya da Funtuwa da Gusau take zuwa.

A lokacin nan kogin bai raba kowa ba. Mutum yakan kwana a Tudun Wada ko Kawo, ya haye gada da asuba ya tafi aiki Kakuri, albashinsa kuma ya ƙare a kasuwar arewa. Ashe dai gaɓar kudu ce ke saƙa, ta arewa ke ciniki.

Yadda aka yi asarar su

Tun daga 1986, da darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin man da ake hura tukwanen tururi da shi ya yi wuya, ga kuma atamfar fasa-ƙwauri mai araha ta cika kasuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007, ko da yake an sake buɗe ta a 2010 ba ta koma kamar da ba. Dubban mutane suka rasa abin yi.

Ana cikin haka sai wata masifa ta faɗo. Bayan tarzomar 2000 da ta 2002, jama'a suka yi ta ƙaura don neman tsira, Musulmi galibi suka taru a arewa, Kirista a kudu. Kogin da dā ake hayewa neman abinci ya koma iyaka. Wannan shi ya sa batun raya kangayen ya wuce batun gini kawai.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Ba Kaduna kaɗai wannan ya sama ba. Tashoshin jiragen ruwa na gabashin Landan sun mutu, har gwamnatin Ingila ta kafa hukuma ta musamman a 1981 don raya su. Hukumar ta tattara filayen a hannu ɗaya, aka shimfiɗa hanyar jirgi, sa'an nan bankuna suka zo suka yi gine-gine. A Bilbao ta ƙasar Sifen an fara da tsabtace kogi, aka kuma buɗe gidan adana kayan fasaha na Guggenheim a 1997 a inda dā tashar kaya take. Darasi guda ne a wuraren biyu: hukuma ce ke fara kashe kuɗi, ɗan kasuwa ya biyo sawu. Amma fa a Landan an yi kuka cewa ayyukan da suka zo ba na 'ya'yan tsofaffin lebura ba ne, gidajen kuma sun fi ƙarfin aljihunsu.

Abin da Kaduna ta riƙe a hannu

Gari bai rasa tsari ba, domin tun 1967 kamfanin Max Lock ya fitar da taswirar ci gaban Kaduna ta shekara hamsin. A 2016 jirgin Abuja ya fara zuwa Rigasa, a 2018 aka buɗe tashar kaya ta tudu a Kakuri. A 2019 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar da shirin sabunta birni, wanda a cikinsa aka yi gadar sama ta Kawo, da sabuwar gada daga Kabala Costain zuwa titin Aliyu Makama a Barnawa. Duk gadar da aka ƙara kuwa tana ɗaga darajar fili a gaɓa biyu.

Saboda haka hanyoyin zuba jari a bayyane suke. Manyan zaurukan masaƙa suna iya zama rumbunan ajiyar kaya kusa da tashar tudu, ko a raba su ga teloli da masu rini da masu sarrafa citta da masara da waken soya, waɗanda jihar ke nomawa da yawa. A gaɓar arewa kuma akwai lambun Gamji, inda aka ajiye gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Wannan ya isa ya zama mafarin hanyar shaƙatawa ta bin gaɓa, da wuraren cin abinci da masauki.

Sharuɗɗa huɗu

Na farko, mallaka. Bisa ga dokar ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna, takardarsa ce shaida. Masaƙar Kaduna Textiles kuwa ta jihohin Arewa 19 ce baki ɗaya, tsofaffin ma'aikatanta sun yi shekaru suna neman haƙƙinsu na sallama. Mai hankali ba ya sa kuɗinsa a filin da ke da iyayengiji da yawa da bashi a kai, sai an warware.

Na biyu, ƙasar kanta. Shekaru da dama ruwan rini da sinadarai yana bin rafin Makera ya faɗa kogi. Lalle ne a auna ƙasa a tsabtace ta kafin a ɗora gida ko makaranta.

Na uku, ambaliya. A 2003 da 2012 kogin ya cika ya shiga gidaje a gaɓa biyu, musamman waɗanda aka gina cikin fadama. Fadama hanyar ruwa ce, ko ya daɗe bai bi ta ba zai dawo. Abin da ya dace da ita shi ne lambu da filin wasa da noman rani, ginin dutse a ja shi tudu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, jama'ar da ke wurin. A bakin kogi akwai masunta da masu lambu da masu ɗibar yashi da masu wanki. In an tashe su ba diyya ba madadi, an ƙawata gaɓa ke nan an ƙara yunwa a cikin gari.

A ganinmu, ma'aunin da za a gwada kowane shiri da shi ɗaya ne, watau mutum nawa zai sa su haye kogin kowace safiya don neman abinci. Masaƙun dā sun haɗa Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe a kan inji guda, ba da wa'azi ba, sai don albashi ya tara su. Shirin da ya mayar da wannan zirga-zirga ya raya Kaduna. Wanda kuwa ya tsaya ga katange gaɓa don masu hali, riba zai kawo wa 'yan kaɗan, kogin kuma ya ci gaba da zama iyaka.